Maganin tsutsar ciki na Kasuwar Bacci

Na sayi jiƙon nan a wajen wani dattijo a Kasuwar Bacci ta Kaduna, cikin gorar ruwa, saƙe-saƙi da ɓawon maɗaci, wai macijin ciki ko na shekara goma ne zai fita. Ɗaci kam ba a magana! Yarona ya kurɓa sau ɗaya ya tofar, ni na sha na kwana zagayawa bayi, tsutsa ko ɗaya ban gani ba. Na ce Baba, cokali nawa za a ba yaro? Ya ce kimanta kawai, to a nan na sare. Ƙwayar gwanda ma dai an taɓa gwada ta da zuma a 2007 a nan Najeriya, ta yi aiki, amma yara 60 ne kacal. Ƙarshe maganin tsutsa na asibiti, albendazole, na saya a kemis ɗin Tudun Wada, ƙwaya ɗaya.