Sharhi Kan Na'urar Ba da Wutar Jel Bayan Wata Shida Ina Aiki da Ita

A watan Nuwamba ɗakin gwaje-gwajenmu da ke cikin birnin Kano ya sayi sabuwar na'urar ba da wuta haɗe da tankinta, domin rarrabe gutsattsarin DNA a cikin jel ɗin agaros, wato wani daskararren abu mai laushi da wuta ke jan DNA ta cikinsa. Da yake ni ne na fi kowa zama a gabanta, ina ganin na isa in faɗi albarkacin bakina.

Ta fuskar riƙe wuta ba ni da ƙorafi. Idan na saita ta a folt 100, a nan take tsayawa ko da an koma kan janareta, kuma da zarar an ɗaga murfin tankin sai ta yanke wutar, wanda kariya ce babba a wurin da ɗalibai ke kai da kawo.

Inda na samu matsala shi ne lissafin ƙarfin wuta a kowace santimita, domin shi ne yake tafiyar da DNA daga ɓangaren baƙar waya zuwa na jar waya, ba lambar da ke kan allo ba. Takardar bayanin na'urar ta ce a raba folt da tazarar da ke tsakanin wayoyin filatinam biyu na tankin. Tazarar tamu santimita 20 ce, saboda haka folt 100 ya kamata ya ba da folt 5 a kowace santimita. Amma jel ɗina mai agaros kashi 1 cikin 100 kullum yakan wuce lokacin da na ƙiyasta. Sai na huda wani tsohon murfi, na soka siraran wayoyin filatinam biyu a bakunan jel mai tsawon santimita 10 alhali wuta tana kashe, na haɗa su da maltimita, wato na'urar auna wuta, sannan na kunna. Abin da na karanta bai kai folt 40 ba, wato ƙasa da folt 4 a kowace santimita. Ragowar tana zubewa ne a jikin wayoyin tankin, inda ake ganin kumfar haidurojin da oksijin na tashi, da kuma cikin ruwan bafa mai zurfi da ke gefe biyu, wato ruwan sinadarin da ake nutsar da jel a ciki domin wuta ta ratsa. Takardar ko kaɗan ba ta taɓo wannan batu ba, abin da bai dace da kaya mai irin wannan tsada ba.

Bazara ta ƙara tona wani abu. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ruwan bafanmu, nau'in da ake kira TAE, yakan ɗumama da wuri, wutar da ke ratsa shi ta ƙaru, layukan DNA su lanƙwashe su yi dishi-dishi, alhali allon yana nan a kan 100 kamar babu abin da ya faru. Yanzu nakan sauko zuwa folt 80, in zuba sabon bafa mai sanyi wanda bai wuce ya ɗan rufe jel ɗin ba, kuma nakan kammala aikin kafin azahar. Wanda zai saye ta ya haɗa kuɗin maltimita a cikin kasafinsa tun farko.