FL Studio, Cubase ko Pro Tools: wacce ta fi a MIDI, wacce ta fi a gyaran murya?

Wani ɗan'uwanmu ya yi tambaya. Yana da kwamfuta mai Windows, shi yake haɗa kiɗansa, sannan mawaƙa suna zuwa yana ɗaukar muryarsu. FL Studio yake amfani da ita, amma abokan sana'a sun ishe shi da cewa ya koma Cubase ko Pro Tools. Yana son sanin wacce ta fi a ɓangaren MIDI, wacce kuma ta fi a gyaran sauti.

Malam, ayyukan nan biyu ba ɗaya ba ne, kuma daga nan bambancin manhajojin ya samo asali. MIDI, wanda kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi a 1983, ba ya ɗauke da sauti ko kaɗan. Umarni ne zalla: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza tsakanin 0 da 127, an sake shi a lokaci kaza. Shi ya sa za ka buga abu da fiyano yau, gobe ka mayar da shi jita ko sarewa, ka ƙara masa gudu, bai lalace ba. Murya kuwa, da zarar ta shiga makirfo ta zama abin da ta zama. Sai dai ka yanka, ka liƙa, ka ja, kuma duk jan da ka yi mata sai ta rasa wani abu.

Kowace cikin ukun akwai aikin da aka ƙirƙire ta dominsa, kuma har yau ana ganin hakan a jikinta. FL Studio ta fito daga kamfanin Image-Line na Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990 da sunan FruityLoops, 'yar manhajar jera bugun ganga. Cubase ta Steinberg ce a Jamus, ta fito a 1989 a kan kwamfutar Atari, MIDI kaɗai take yi, daga baya ta koyi ɗaukar sauti. Pro Tools kuwa Digidesign ne ya fitar da ita a 1991 don ta gaji aikin tef a situdiyo, yanzu tana hannun Avid.

Mu fara da MIDI. Idan da linzami kake zana kiɗa, ban ga wadda ta kama ƙafar FL Studio ba. A Piano Roll ɗinta, wato tagar da ake zana notoci, danna hagu ya ajiye nota, danna dama ya goge, ka ja gefenta ta ƙara tsawo, kuma ta gaba za ta fito da tsawon wadda ka taɓa a ƙarshe. Ba sai ka yi ta sauya kayan aiki ba. Kana rubuta bas kana hango inuwar notocin fiyano a bayansa, don haka da wuya ka kauce. Ka zaɓi notoci uku da ke bugawa tare, ka danna Alt da S, sai su ɗan rarrabu kamar yatsa ya shafi igiyoyin jita. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ne suke sa wanda ya saba da ita ya ji duk wata manhaja tana ja masa ƙafa. Aibinta a nan shi ne, notocin sulɓi (masu sa amo ya zame daga wata nota zuwa wata) da ake yabonta da su sun fi aiki da kayan kiɗan cikin gidanta, yawancin filogin na waje, wato ƙananan manhajojin kiɗa da gyaran sauti da ake ƙara mata, ba sa jin su.

Cubase ba ta kai ta saurin zane ba, amma ta fi ta zurfi. Tana da Logical Editor, inda za ka ba da umarni kamar haka: duk notar da ƙarfinta bai kai 40 ba a ɗaga ta, sauran a ƙyale su. Waƙa guda ta gyaru a danna ɗaya. Tana da shafi na musamman don ganguna, da Chord Track mai lura da jerin amon waƙar, da Expression Maps ga masu rubuta kiɗan fim da ke son goge ɗaya ya riƙa sauya salon bugu. Wanda yake buga fiyano da hannu biyu, ya ɗauka sannan ya gyara, Cubase ta fi dacewa da shi.

Pro Tools tana yin MIDI, kuma an inganta shi sosai, amma ba don shi ake zuwa wurinta ba. Ga kuma wani abu: filogin masu nau'in AAX kaɗai take karɓa, don haka filogin masu nau'in VST da ka tara ba za su buɗe kai tsaye ba sai waɗanda suke da nau'in AAX.

Da an zo murya sai labari ya juya. Ɗauki misali: mawaƙi ya rera baiti ɗaya sau shida. Layin farko ya fi daɗi a karo na biyu, na tsakiya a karo na biyar, ƙarshen kuma sai a na shida numfashinsa ya kai. A Cubase duk shidan za su jeru a ƙarƙashin layi ɗaya, kai kuma ka bi da linzami kana shafa wurin da kake so, yana hawa sama da kansa. Inda gaɓa biyu suka haɗu ka danna X, mahaɗar ta narke, ba a jin "ƙas". Idan wata kalma ta ɗan sauka daga amo, VariAudio na nan a cikin wannan fayil ɗin: muryar za ta bayyana gunduwa-gunduwa, ka ɗaga wadda ta faɗi, ka bar sauran da rawar muryarsu. Idan 'yan amshi uku ba su faɗa tare ba, akwai Audio Alignment da zai daidaita su da muryar jagora.

Pro Tools ma haka take tara ɗauka a Playlists, kuma a yankan sauti ita ce uwa ma ba da mama. Tana da yanayin gyara huɗu, Shuffle, Slip, Spot da Grid, a kan F1 zuwa F4. Maɓallin Tab yana tsallaka da kai daga farkon wannan bugu zuwa na gaba, ba sai ka zura ido kana neman inda kalma ta fara ba. Beat Detective kuma yana daidaita gangunan da aka ɗauka da makirfo da yawa ba tare da sun goce wa juna ba. Ƙwararre a kanta kusan ba ya taɓa linzami. Sai dai wannan saurin ba ya samuwa sai an haddace maɓallai, kuma hakan na cin watanni.

A FL Studio duk wannan yana yiwuwa, an kuma yi manyan waƙoƙi da ita tun daga fari har ƙarshe. Amma aikin ya fi cin hannu. Zaɓen ɗauka, wato tsinto mafi daɗi daga cikin ɗaukan da aka yi, yanka ne da kashe sauti ɗaya bayan ɗaya. Gyaran amo sai ka tura muryar cikin Newtone, ka gyara a wata taga, ka jawo ta ka mayar. Idan ba ka ɗaure layukan Playlist da na Mixer tun farko ba, lokacin da muryoyi suka kai ashirin za ka fara neman wacce ta bi ina. A lura kuma, mafi ƙanƙantar bugunta, Fruity Edition, ba ya ɗaukar murya daga makirfo, kamar yadda Cubase Elements ba shi da VariAudio. Inda FL ta yi wa sauran fintinkau shi ne, wanda ya mallake ta sau ɗaya yana samun duk sabon bugu har abada.

Sauran a taƙaice: Logic Pro ta haɗa ɓangarorin biyu da kyau, amma tun da Apple ya sayi Emagic a 2002 aka daina yin ta don Windows, ba taka ba ce ke nan. Ableton Live gwana ce wajen jan sauti ya bi gudun kiɗa, sai dai zaɓen ɗauka bai shigo ta ba sai a Live 11 a 2021. Reaper ba ta da nauyi, tana yankan murya da kyau, tana ba da kwana 60 na gwaji, amma kusan babu kayan kiɗa a cikinta.

Maganar da ake yaɗawa cewa wata manhaja "ta fi fitar da sauti mai nauyi", kada ta ɗauke maka hankali. Bambancin da kunne ke ji yana zuwa ne daga filogin, da ɗaki, da makirfo, da hannun mai haɗawa. Haka ma jinkirin da mawaƙi ke ji a kunne: bafa ce, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi. A 48 kHz, bafa 128 tana jawo kusan milisakan 3, ta 1024 kuma sama da 21, ban da abin da katin sauti ke ƙarawa. Ka sauke ta lokacin ɗauka, ka ɗaga lokacin miksin, ka kuma yi amfani da direban ASIO na katinka, wato 'yar manhajar da ke haɗa katin da kwamfuta, ko wace manhaja ce.

Shawarata gare ka: kada ka bar FL Studio, tunda a nan hannunka ya faɗa wajen kiɗa. Idan ɗaukar murya ta fara cinye maka rabin yini, ƙara Cubase, ko ka fara gwada Reaper. Pro Tools sai in za ka riƙa musayar aiki da manyan situdiyo ko masu sautin fim, domin su fayil ɗinta suke tambaya. Da yake babu wadda ke buɗe fayil ɗin 'yar'uwarta a cikin ukun, sai ka fitar da kowane layin kiɗa daban a WAV mai bit 24, duka su fara daga farkon waƙar ko da wani sai a tsakiya yake shigowa, ka rubuta gudun kiɗan a sunan jakar. Ka haɗa da fayil ɗin MIDI na fiyano da bas, saboda ranar da mawaƙi zai ce amon ya yi masa sama a sauke.