Hon Mai Iska a Kan A-kori-kura: Wanne Ya Kamata Ka Saya?

Duk wanda ya taɓa danna hon a gefen tirelar da ke matso masa, ya ga direbanta bai ko waiwayo ba, ya san abin da ke tura mutum neman hon mai iska. Hon ɗin da kamfani ke ɗaura wa yawancin motocin a-kori-kura ɗan faifan lantarki ne, wani lokaci ma guda ɗaya tak, mai siririyar murya. A babbar hanya ƙugin injin dizal da ƙarar taya sukan haɗiye shi gaba ɗaya. Saboda haka buƙatar ta gaskiya ce. Inda ake yin tuntuɓe shi ne wajen saye, domin kowane kwali da lambarsa mai ban tsoro, mutane da yawa kuwa lambar suke biya wa kuɗi.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti, amma lambar ba ta da ma'ana sai an faɗi daga wane nisa aka auna. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, sauti yakan ragu da kusan desibel 6. Hon da aka kara masa na'urar awo a santimita 10 daga bakinsa ya ba da 140, idan aka ja baya zuwa mita 2 wajen 114 zai bayar. Hon ɗaya ne, lamba biyu, kuma ka san wadda mai sayarwa zai buga a kwali. Don ka sami ma'auni: dokar Amurka ta ce hon ɗin kan jirgin ƙasa ya kasance tsakanin desibel 96 da 110 idan an auna daga ƙafa 100, wato kusan mita 30. Iskar da muke shaƙa ma ba ta iya ɗaukar sauti mai tsafta fiye da desibel 194. To idan ka ga ɗan hon da ke shiga tafin hannu an rubuta masa 300, ajiye shi ka wuce. Wanda ya yi maka ƙarya a kwali ba zai yi maka gaskiya a cikin kayan ba. Haka kuma haɗa hon biyu masu ƙarfi ɗaya desibel 3 kawai yake ƙarawa. Amfanin biyun shi ne cikar murya.

Zaɓi na farko ba ma na iska ba ne, amma zai zama rashin adalci in tsallake shi: tagwayen hon na lantarki masu siffar katantanwa, ɗaya mai kaurin murya wajen has 400 (has shi ne ma'aunin kauri ko sirantar murya), ɗaya mai siririya wajen 500. Suna amsawa da zarar ka taɓa sitiyari, suna shiga gurbin tsohon hon, babu tiyo babu tanki, babu abin da za ka riƙa dubawa. Mai a-kori-kurar da yawancin zirga-zirgarsa cikin gari ce, wannan ya ishe shi. Rauninsu ɗaya ne, ruwa da laka sukan taru a cikin murɗin katantanwar idan aka bar bakin yana kallon sama.

Na biyu shi ne hon mai iska marar tankin ajiye iska. Wata 'yar ƙaramar kwamfiresa ce ke hura iska kai tsaye cikin kakaki a daidai lokacin da ka danna. Akwai wanda kwamfiresar da kakakin ke haɗe a jiki ɗaya, irin Nautilus na kamfanin Stebel, akwai kuma mai kakaki biyu ko uku da aka haɗa da gajeren tiyo, irin waɗanda FIAMM da Wolo ke yi. Muryarsa kaifi gare ta, tana ratsa gilashin mota da kiɗan da ke ciki. A ganina nan ne mafi yawan masu tafiyar babbar hanya ya kamata su tsaya. Sai dai ka san halinsa tun kafin ka saya. Yana da ɗan jinkiri, domin sai kwamfiresar ta juya kafin sauti ya fito. Jinkirin bai kai daƙiƙa ba, amma yana hana ka yin 'yar gajeriyar taɓawar nan ta ladabi da ake yi wa wanda ya shagala a fitilar hanya. Ba a kuma yi shi don doguwar busa ba, zai yi zafi. Idan mai tiyo ne, a taƙaita tiyon iya yiwuwa, tsawonsa yana ƙara jinkiri.

Na uku shi ne wanda ke jan hankalin kowa, mai tanki, wanda ake kira hon ɗin jirgin ƙasa. A nan ne ya kamata mutum ya zauna ya yi lissafi. Tirela tana da iska a ajiye tun daga kamfani saboda birkinta na iska ne, direba kawai ya ja igiya ko ya danna. A-kori-kura birkin mai take amfani da shi, ba ta da iskar ko kaɗan, don haka abin da za ka saya a zahiri ɗan ƙaramin gidan iska ne, kakakin ƙari ne a kai. Akwai kwamfiresa, akwai tanki, akwai makunnin da ke tayar da kwamfiresar idan matsin iska ya sauka zuwa wajen PSI 110 (PSI ma'aunin matsin iska ne) ya kashe ta idan ya kai wajen 145 ko 150, akwai bawul mai aiki da lantarki da ke sakin iskar, akwai bawul ɗin kariya da ke buɗewa da kansa idan matsi ya wuce ƙima, sannan bawul ɗin zubar da ruwa a ƙasan tanki. Duk wani haɗi da aka sayar maka babu bawul ɗin kariya, kada ka ɗaura shi a motarka.

Girman tanki shi ke yanke tsawon busa. Manyan kakaki huɗu sukan zuƙe tankin galan 2 cikin 'yan daƙiƙoƙi, muryar ta fara dushewa, sai ka jira kwamfiresa ta sake cikawa. Galan 5 ya fi dacewa da su. Faɗin tiyo ma yana da tasiri ƙwarai: manyan kakaki suna son tiyo mai rabin inci, idan ka ba su siriri sai su yi ta shaƙewa komai matsin da ke tanki. Ka kuma duba yawan aikin da kwamfiresar ke iya yi ba hutu. Wadda aka rubuta mata kashi 33 cikin 100 tana buƙatar hutu ninki biyu na lokacin da ta yi aiki, wadda aka rubuta mata kashi 100 tana jure dogon aiki. Kamfanin Viair na cikin waɗanda ke bayyana wannan a fili a kan kayansu. Idan kana son tankin ya riƙa ba taya iska a daji ko a wurin aiki, wanda shi ne babban dalilin da nake ganin ya halatta duk wannan ɗawainiya, to mai jure dogon aiki za ka nema.

Ko wanne ka ɗauka cikin na biyu da na uku, kada mai wayarin ya jona shi a kan wayar tsohon hon. Waccan waya an yi ta ne don 'yar wuta kaɗan, kwamfiresa kuwa takan ja wuta mai yawa, amfiya 15 zuwa 20, manya ma su wuce haka. Waya mai kauri ake jawowa daga batir, a sa fiyus dab da kan batir ɗin, a bi ta rile (makunnin da 'yar ƙaramar wuta ke kunnawa don babbar wuta ta wuce), tsohuwar wayar ta zama ita ke tayar da rilen kawai. Da yawa daga cikin hon ɗin da ake cewa ba su da kyau, yunwar wuta ce ke damunsu. Wani abin da ake mantawa shi ne, a motocin zamani da yawa hon ɗin ne ke yin ƙara idan ka kulle ƙofa da rimot, shi ne kuma ke ihu idan ƙararrawar ɓarayi ta tashi. Ka jona hon ɗin jirgi a wannan layi, kowane dare sai ka tayar da unguwa. Maganinsa a bar hon ɗin kamfani a inda yake, a sa makunni dabam da zai ba ka zaɓi tsakanin su biyun.

Wurin ɗaurawa ba shi da wahala a a-kori-kura, akwai fili a ƙarƙashin bodi a jikin shasi ko kusa da safayar taya. Bakin kakaki ya ɗan sunkuya ƙasa don ruwa ya zube, tiyo ya yi nesa da salansa, a yi amfani da ramukan da ke jikin shasi maimakon huda sababbi, a kai bakin shaƙar iskar kwamfiresa inda ƙura da ruwa ba su kaiwa.

Saura maganar da ta fi damuna. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 28 da ƙasashe da yawa ke bi ta tsayar da ƙarar hon ɗin da ke jikin mota a desibel 112 daga mita 7, kuma manyan hon masu tanki sukan wuce nan. A jihar Kalifoniya doka ta ce a ji hon daga ƙafa 200, amma kada ya yi ƙarar da ta wuce hankali. A Birtaniya an hana busa hon a cikin unguwanni daga ƙarfe 11:30 na dare zuwa 7 na safe. Ka binciki dokar inda kake tuƙi kafin ka biya kuɗi. Ko babu doka ma, kunnen ɗan Adam yana fara jin zafi daga wajen desibel 120, kuma ƙara mai tsanani a kusa tana iya lalata ji a busa ɗaya. Mai babur ko mai keke da aka busa wa hon ɗin jirgi a bayan ƙeya yakan firgita ya karkace, wani lokaci zuwa cikin hanyar da kake so ya bari. Yaron da ke tsaye a gaban mota, kunnensa daidai yake da bakin kakaki.

Idan za a gwada maka kafin ka saya, ka sa abin toshe kunne, ka ja baya kamar mita 10, ka sa a yi gajeriyar busa da doguwa, ka ji ko muryar tana riƙe ƙarfinta har ƙarshe. Idan mai tanki ne, a cika shi a kashe mota, ka dawo bayan awa ɗaya ka duba agogon matsi. In allurar ta sauka, akwai inda iska ke yoyo, ruwan sabulu a kan mahaɗan tiyo zai nuna maka wurin. Bayan an ɗaura kuma, ka riƙa buɗe bawul ɗin ƙasan tanki a kai a kai, domin iskar da aka matse tana tara ruwa, ruwan kuwa daga ciki yake cin ƙarfe.