Kafin ka sayi butar matsa kafe: gilashi, ƙarfe ko roba?

Mai shayin bakin tasha zai zuba maka Nescafé cikin minti ɗaya, to amma wanda ya taɓa kurɓar kafen da aka jiƙa daga ƙwaya ya san akwai tazara. Butar matsawa, wadda Faransawa ke kira kafetiyar mai fistan (fistan shi ne sandar da ke da rariya a gindi, wadda ake dannawa ta tace kafen), ita ce hanya mafi sauƙi a gida: ba ta son wutar lantarki, ba ta son takardar tacewa. Ko da yake sunanta ya bi Faransa, wani ɗan Italiya ne, Attilio Calimani, ya yi rajistar irin wadda muka sani a 1929.

Ta gilashi ta fi kyan gani, kana kallon ruwan yana rinewa, kuma ba ta riƙe wari. Sai dai gidan da yara ke tsere a tsakar gida ba wurinta ba ne. Tawa ta farko wata uku ta yi, ranar da aka haɗa ta da tukwane a wanke-wanke ta tashi aiki. Ta ƙarfen da ba ya tsatsa, mai bango biyu kamar tarmus, ta fi tsada, amma tana jure faɗuwa, kuma da sanyin hunturu kafen ba ya hucewa kafin ya jiƙu. Ita nake ba mutane shawara. Ta roba kuwa sai dai matafiyi.

Kowacce ka ɗauka, zaro fistan ɗin a gaban mai kanti ka duba rariyar. Ta manne da bangon butar ko'ina, kuma ta kwance don wanki. In ka danna ta sulale ƙasa ba turjiya, ajiye masa abarsa, diddiga za ka sha. Mai mililita 350 ta ishi mutum ɗaya. Gidan da ba ya rabuwa da baƙi sai mai lita guda.

Inda ake faɗuwa shi ne garin. Na leda da ke cikin manyan kantuna galibi an niƙa shi da laushi, yana bi ta rariyar ya sa ɗaci. Wannan buta ɓarzajje take so, kamar tsakin gero. Ƙaramin injin niƙa na hannu mai haƙora ya fi mai wuƙa, domin mai wuƙa rabi gari yake ba ka, rabi ƙwaya. Turmi ma yana yi, amma kada ka ari na yaji, in ba kafe mai barkono kake nema ba. In kuɗinka bai kai duka biyu ba, gara buta mai araha da injin kirki.

Ƙwayar ma galibi iri biyu ce. Robusta, irin ta Kodebuwa, ta fi ɗaci, sinadarin hana barcinta ya kusa ninka na arabika, ga ta da jure madara da sukari. Arabika irin ta Habasha ta fi ƙamshi ga mai shan baƙi.

Awo kuwa, giram 60 na garin kafe a lita guda ta ruwa. Ruwa ya tafasa, ka sauke ya huce rabin minti, ka zuba, ka jira minti 4, ka danna a hankali. Juye shi duka nan take, don wanda ya zauna kan diddigar sai ƙara ɗaci yake yi.