Scrum ko Kanban, wanne tim ɗinku zai ɗauka?

Kusan kullum sai wani ya tambaye ni wai tsakanin Scrum da Kanban, hanyoyi biyu na tsara aikin tim, wanne ya fi haɗa kan manajan manhaja da masu rubuta kod, to ga yadda nake kallonsu.

A Scrum ana yanka aiki zango-zango, yawanci sati 2, ba ya wuce wata ɗaya. Manaja ne ke jera ayyuka, mafi muhimmanci a sama, amma masu kod ne ke cewa ga iya abin da za mu iya ɗauka, kuma kullum akwai ɗan zaman minti 15. Abin da ya fi burge ni shi ne in an fara zango manaja ba zai faɗo ranar Laraba da sabuwar buƙata ya ce a ajiye komai ba, mai kod na samun natsuwa sosai. Sai dai fa mitin ɗinsa na cin lokaci, ga na tsarawa ga na bita ga na waiwaye.

Kanban kuwa daga masana'antar Toyota ya samo asali, allo ne da kati, kowane kati aiki ɗaya, ana matsar da shi daga "za a yi" zuwa "ana yi" zuwa "an gama". Yau ɗin nan ma za ku iya farawa. Ƙarfinsa na wajen iyaka, in kun ce kati 3 a "ana yi" to na huɗu ba ya shiga sai ɗaya ya fita, in kuka saki wannan iyaka, allon zai cika maƙil da aikin da ba a ƙarasa ba.

Masu gina sabuwar manhaja da ke son nuna wa kwastoma ci gaba a kan kari, Scrum zai fi musu. Waɗanda gyare-gyaren gaggawa ke faɗo musu ba sallama, su riƙe Kanban.