Harsashin CCI Standard Velocity .22 LR: ba gudu, amma akwai saiti

Gaskiya duk mai harbin allo da ƙaramar bindiga .22 ya kamata ya gwada wannan harsashin na CCI, kamfanin nan na Idaho a Amurka. Nauyin dalmar kamar giram 2.6 ne, gudunsa kuma a rubuce a kwali ƙafa 1070 a sakan ɗaya, wato bai kai gudun sauti ba, to anan sirrin yake. Harsashin da ya fita da gudu fiye da sauti yakan ɗan yi tangal-tangal lokacin da yake rage gudu a hanya, shi wannan tun daga bakin bindiga a natse yake tafiya, shi yasa a mita 50 zaka ga ramukan sun taru waje ɗaya, ƙara ma ba sosai ba.

Abin mamaki fa tsohon zane ne sosai. Wani Bafaranshe Flobert ne ya fara irinsa a 1845, nasa ko albarushi babu, sinadarin kunnawa ne kawai ke tura 'yar dalmar, a ɗaki ma ake harbawa. Kamfanin Smith & Wesson suka fito da .22 Short a 1857, sai kamfanin Stevens ya kawo Long Rifle (wato .22 LR ɗin nan) a 1887, kuma har yau da shi ake gasar Olamfik. Winchester sun kawo Magnum a 1959, Hornady sun kawo .17 HMR a 2002, duk sun fishi gudu amma basu ture shi ba.

Inda matsalar irin wannan harsashi take shine gindi. Sinadarin kunnawa ba a tsakiya yake ba, a cikin lanƙwasar gefen kwanson ake zuba shi, allurar bindiga ta daki gefen ya kama. In wajen zubawa bai zagaye ko'ina ba sai kaji ƙyas, shiru. Na arha ɗin nan da ake zubowa a bokiti sun sha yi min haka, sai ka jira, ka ciro ka juya shi ka sake sakawa sannan ya tashi, abin haushi wallahi. CCI kam a nan suke cin kuɗinsu, ɗauki ɗaya ka duba gindin zaka ga shatin allurar fes, ya tashi a bugun farko.

Sai dai dalmar tsirara ce da kaki a jiki, irin na da, yana ɗan shafar yatsa kuma bindiga na son wanki bayan harbi. Wasu bindigogi masu ɗura kansu ma sun fi son mai ƙarfi, masu irinsu gara su nemi Mini-Mag, wani harsashin CCI da ya fi wannan gudu. Kwanson kuma ba a sake cika shi tunda gefen ya riga ya lotse. Bai kai Eley Tenex na Ingila da 'yan gasa ke amfani da shi ba, amma don atisaye ya wadatar. Kar ƙanƙantarsa ta ruɗi mutum dai, yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, a tabbatar akwai tudun ƙasa bayan allo.