Garejin gyaran bayan Marsandi W124 a Zango: aikinsu da sauƙi, kayansu sai an bincika

A Damagaram ba kowane bakanike ke gane bayan Marsandi W124 mai dogon jiki ba, wadda matsin mai ke ɗaga gindinta idan an yi lodi. Wannan garejin na unguwar Zango sun san hannunta.

Abin da ya fi burgewa, suna tantance ciwo kafin su kwance komai. Mota ta dinga tsalle, bayanta ya yi tauri kamar dutse? Ƙwallaye biyu masu iskar naitirojin da ke rage girgizar baya ne robar cikinsu ta fashe, kuma tare suke canza su. Idan baya ya zauna da lodi, sandar da ta haɗa bawul mai daidaita tsayin baya da ƙarfen da ke hana mota karkata suke fara dubawa, don hanyar Tanut na yawan karya ta, sannan famfon da ke tura man.

Fitar da iska daga cikin man: su sauke matsin mai tukuna, su cire sandar, inji na aiki, su ɗaga hannun bawul sama mota ta tashi, su sauke shi ta zauna, har kumfa ta daina dawowa tankin man ɗaga bayan. Wanke tsarin da sabon mai kan ci kusan lita 2. A kan rami suke yi, ba a kwance ƙarƙashi ba, domin motar na iya faɗowa.

Sai dai, Alhaji, ka zo da manka na ɗaga bayan, wato ZH-M mai lamba 343.0. Wani lokaci babu shi a shagonsu sai an aiko daga Kano, kuma idan aka zuba man burki a madadinsa yana cinye robobin tsarin gaba ɗaya. Ka tuna musu da matatar cikin tanki, ƙurar hunturu na toshe ta.